Las Salinas, 1872: kwami 64 na gilashi da lita 22,700 na ruwan sha a rana

A shekarar 1870 aka gano azurfa a Caracoles, can cikin hamadar Atakama, gabas da tashar jiragen ruwa ta Antofagasta. A lokacin yankin yana hannun Bolibiya, sai bayan yaƙin da ya ɓarke a 1879 ya koma ƙarƙashin Chile. Kafin ka ce me, hanya ta buɗe tsakanin bakin teku da ma'adinin, amalanke da alfadarai suna kai da komo, ga kuma masu haƙar gishirin naitiret a filayen da ke tsakani. Mutane da dabbobi suka yi yawa a ƙasar da kan yi shekara da shekaru ba ta ga ɗigon ruwan sama ba.

Garuruwan bakin teku suna da tasu dabara. Sukan dafa ruwan teku a manyan tukwanen ƙarfe, su sanyaya tururin ya koma ruwan daɗi. Kwal ɗin da ake dafawar da shi ta jirgin ruwa yake zuwa, kuma duk kilomitar da aka ƙara cikin hamada sai tsadarsa ta ƙaru, domin alfadarin da ke jan kwal ko ruwa shi ma sai ya sha. Ruwan da ake samu a ƙasa a zangon Las Salinas, a kan wannan hanya, yana ɗauke da gishiri kusan giram 140 a kowace lita. Ruwan teku giram 35 yake da shi. Wato wannan ya ninka teku sau huɗu, ba mutum ba, ko dabba ba ta iya shansa.

A nan ne wani injiniya ɗan asalin Suwidin, Charles Wilson, wanda mutanen yankin ke kira Carlos, ya gina wurin da ake lissafawa a matsayin babbar matatar ruwan gishiri ta farko mai aiki da zafin rana. Bayanin aikin ya isa ga injiniyoyin Ingila ta wata takarda da Josiah Harding ya gabatar a 1883. Dalilin da ya sa wannan tsohon wuri ya cancanci a zauna a kansa shi ne, duk wanda yau yake son haɗa ƙaramin akwatin gilashi don ya cire gishiri daga ruwan teku, matsalolin da zai tarar su ne waɗanda Wilson ya tarar, kuma adadin ruwan da zai samu a kowane murabba'in mita ba zai wuce na Wilson da wani abin kirki ba.

Abin da aka gina

Kwami 64 ne dogaye marasa zurfi, na katako, kowanne tsawonsa kusan mita 60, faɗinsa ya ɗan haura mita 1. An baƙanta cikinsu da rinin wani itace haɗe da alif, an rufe su da gilashi mai gangare. Jimillar fuskar da ke karɓar rana ta kai wajen murabba'in mita 4,450, filin duka kuwa, har da hanyoyin da ke tsakanin kwami da kwami, ya kusa murabba'in mita 7,900. Injin da iska ke juyawa ne yake ɗaga ruwan gishirin zuwa tanki, daga nan ya gangara cikin kwami. Ba tukunyar wuta, ba kwal.

Yadda yake aiki ba ɓoyayye ba ne ga duk wanda ya taɓa ɗaga murfin tukunya ya ga ruwa ya taru a cikinsa. Hasken rana yana ratsa gilashi da ruwan, baƙin ƙasan kwamin ya shanye shi ya yi zafi, ruwan ya ɗumama ya riƙa sakin tururi ba tare da ya tafasa ba. Tururin ya taɓa gilashin da iskar waje ke sanyayawa, ya koma ruwa, ya bi gangaren ya zuba cikin wata siririyar magudana da ke gefe, ta kai shi ma'aji. Gishiri ba ya tashi da tururi, don haka a ƙasa yake zama.

A ranakun da rana ta fi ƙarfi, wurin yana ba da lita 22,700. Ya yi aiki kusan shekara 40.

Lita biyar, kuma me ya sa ba a wuce nan

Idan aka raba 22,700 da 4,450, za a samu lita 5 da ɗan kai a kowane murabba'in mita a rana. Wannan adadi shi ne zuciyar lamarin, don haka bari mu bi lissafinsa a hankali.

Kafin lita ɗaya ta ruwa ta koma tururi a zafin da ake samu cikin irin wannan kwami, wato tsakanin digiri 50 da 70, tana cin makamashi kusan kilowat-awa 0.65. Wannan ba abin da ƙwarewa ke ragewa ba ne, halittar ruwa ce. A yawancin ƙasashe masu zafi, murabba'in mita ɗaya yana samun kilowat-awa 5 zuwa 6 na hasken rana a yini. Da a ce ko ƙwayar zafi ba ta ɓacewa, da an samu lita 8 zuwa 9. Amma gilashi yana mayar da wani hasken, ƙasa da gefunan kwami suna zubar da zafi, ruwan da kansa yana aika zafi zuwa gilashi ba tare da tururi ba. Abin da ke saura ya shiga aikin tururi a kwami mai kyau kashi 30 zuwa 40 ne cikin ɗari. A ɗauki kilowat-awa 5.5, a ware kashi 35 cikin ɗari da ke shiga aikin tururi, a raba shi da 0.65: lita 3 ke nan. Atakama tana cikin wuraren da suka fi ko'ina hasken rana a duniya, a tsakiyar bazararta hasken yini kan kai kilowat-awa 8 zuwa 9, ga dare mai sanyi da ke taimaka wa gilashi. Da irin wannan rana, lita 5 tana nufin kusan kashi 40. Wato katako da rini da gilashin 1872 sun riga sun kai iyakar da wannan tsari yake iya kaiwa.

Saboda haka duk wanda ya ce maka akwatin gilashi mai faɗin mita ɗaya, mai hawa ɗaya, zai ba ka lita 15 ko 20 a rana, lissafin makamashi bai goyi bayansa ba. Zafin da tururi ke saki idan ya koma ruwa a jikin gilashi, iska ce ke kwashe shi, sau ɗaya aka more shi. Manyan matatun da ke aiki da zafi a ƙasashen Larabawa na bakin Gulf suna sake amfani da wannan zafin sau da dama, daki bayan daki, shi ya sa suke samun ninkin abin da kwami ke bayarwa. Kwami mai sauƙi ba shi da wannan. Hanyar ƙara ruwansa guda ce, a ƙara fili.

Amma a duba abin da Wilson ya tsere wa. Dafa lita ɗaya daga ruwan sanyi har ta ƙare a tururi tana cin kusan kilowat-awa 0.72. Lita 22,700 za ta ci fiye da 16,000. A tukunyar wuta mai hawa ɗaya, wannan kwal ne da ya kai tan 3 a kowace rana, wanda sai an jawo shi daga bakin teku a kan amalanke. A wurin da fili yake kyauta, rana ba ta fashi, makamashi kuma yake da tsadar gaske, shimfiɗa gilashi ya fi hankali.

Ga mai ƙaramin gida, lissafin haka yake. Mutum yana bukatar lita 2.5 zuwa 3 a rana don sha da abin da ke shiga abinci, wannan shi ne mafi ƙarancin da masu aikin agaji ke ɗauka. Gida mai mutum shida lita 18 ke nan. A matsakaicin lita 3, murabba'in mita 6 ya isa. Sai dai ba da matsakaici ake auna girman kwami ba, da watan da ya fi rauni ake aunawa, lokacin hadari ko hazo, inda abin kan sauka zuwa lita 2 ko ƙasa da haka. Don haka mita 9 ya fi zama gaskiya, tare da tankin da zai riƙe ruwan mako guda, wajen lita 130. Wanka da wanki ba sa cikin wannan lissafi ko kaɗan.

Gishirin da ke zama a ƙasa

Mutane kan zuba ido kan ruwan da ke fita, su manta da abin da ya rage. A Las Salinas, kowace lita da ta tashi ta bar giram 140. A ranar lita 22,700, gishirin da aka raba da ruwansa ya haura tan 3. Idan ba a fitar da shi a narke ba, sai an kankare shi da hannu. Kuma ruwa mai giram 140 ba shi da sarari mai yawa: da an ƙone ɗan fiye da rabinsa, ya ƙoshi, gishiri ya fara daskarewa. Ban da haka, gishiri yana riƙe ruwa, yana hana shi tashi. Ruwan teku yana rage ƙarfin tururi da kusan kashi 2 cikin ɗari idan aka gwada da ruwan daɗi, mai giram 140 yana ragewa da kusan kashi 10, wanda ya ƙoshi da gishiri kuwa da kusan kashi 25. Samun lita 5 daga irin wannan ruwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Mai amfani da ruwan teku ya fi samun sauƙi, amma shi ma yana iya jefa kansa cikin halin Las Salinas cikin mako biyu. A ce kwami mai murabba'in mita ɗaya yana riƙe da lita 20, wato zurfin santimita 2. Gishirin farko giram 700 ne. Idan yana ba da lita 4 a rana, mai shi kuma yana cike gurbin da sabon ruwan teku kawai ba ya zubar da tsohon, kullum ana ƙara giram 140. A kwana 5 gishirin ya ninka, a kwana 15 ya kai giram 140 a lita. A shekara kuwa, wannan ɗan kwamin yana raba wajen kilo 50 na gishiri da ruwa.

Kuma ba gishirin miya ne ke fara fitowa ba. Idan ruwan teku yana ƙonewa, farar ƙasa ce ke fara kwantawa tun ana kusan rabi. Idan ya rage kashi ɗaya cikin huɗu ko biyar, sai jifsam ya biyo baya. Gishirin da muka sani sai ruwa ya rage kusan kashi ɗaya cikin goma yake fitowa. Gishirin miya ba shi da wahala, ruwa kawai za a zuba ya narke. Jifsam ne mugun, yana kamawa kamar siminti, ruwa ba ya ɗauke shi da sauƙi, ruwan tsami ma da ke cinye farar ƙasa ba ya yi masa komai. Ga shi fari, yana rufe baƙin da ya kamata ya sha rana, yana mayar da haske sama. Kwamin da ya yi fari a ƙasa ya riga ya yi asarar wani kaso na ruwansa, kuma kankarewa da ƙarfe tana huda shimfiɗar.

Maganin shi ne kada a bar ruwan ya ƙone fiye da rabi. Ko dai a zubar da shi gaba ɗaya duk kwana uku zuwa biyar a sa sabo, ko kuma kullum a zuba ninki biyu zuwa uku na abin da ya bayar jiya, rarar ta fita ta bututun ambaliya ta tafi da gishirin. A yi wannan da sassafe, lokacin da kwami ya huce. Zuba ruwan sanyi da tsakar rana yana kashe zafin da aka tara tun safe, yana kuma iya fasa gilashi idan ya fantsama a kansa. Zubawa da magariba ma asara ce, don ruwan da ya sha rana yakan ci gaba da ba da tururi awanni bayan faɗuwarta, gilashi ya yi sanyi shi kuma yana da ɗumi. Ruwan da aka zubar kada ya bi ta gona ko kusa da rijiya, a mayar da shi teku ko a ba shi ramin da aka shafe ya bushe a can.

Inda ruwa ke ɓacewa a ƙaramin kwami

Tunda abin da kwami zai iya bayarwa yana da iyaka, duk gwanintar gini tana kan rage asara. Wasu kurakuran suna cin kaɗan, wasu suna cin rabi.

Zurfin ruwa shi ne na farko. Ɗumama lita 20 daga digiri 25 zuwa 65 yana cin kusan kilowat-awa 0.9. Idan aka cika kwamin ya kai santimita 10, lita 100 ke nan, kuma ɗumama ta haka zai ci kilowat-awa 4.7, kusan duk ranar yinin. Ruwan ba zai taɓa yin zafin da ake so ba. Zafi kuwa shi ne komai, don ƙarfin tururin ruwa a digiri 60 ya kusa ninka na digiri 30 sau biyar. Santimita 2 zuwa 3 shi ne daidai. Amma ruwa marar zurfi yana bukatar ƙasa mai daidaito sosai. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu da santimita 2, can zai bushe, gishiri ya kama, busasshen wurin ya yi zafin da zai lalata shimfiɗa. A nan ake ganin wahalar kwami mai tsawon mita 60 irin na Wilson, kuma shi ya sa ga mai gida ƙananan akwatuna shida na murabba'in mita ɗaya da rabi kowanne sun fi babba guda. Kafin a rufe gilashi, a zuba ruwa kaɗan a auna zurfinsa a kusurwa huɗu da tsakiya, a sa ƙyalle ko tsinken katako a ƙarƙashi har ya yi daidai.

Murfi ya zama gilashi, mai kaurin milimita 3 zuwa 4. A jikin gilashi mai tsabta ruwa yana shimfiɗuwa ya gangara, haske kuma yana wucewa. A jikin leda da yawancin robobi yakan tsaya ɗigo-ɗigo, ɗigon ya mayar da haske, da ya yi nauyi kuma ya faɗo cikin ruwan gishiri. Rana ma tana cinye leda cikin 'yan watanni. Gilashin da ke da maiƙo ko shafar silikon shi ma haka yake yi, don haka a wanke cikinsa da kyau kafin a ɗora. Gangare na digiri 10 zuwa 15 ya isa ruwa ya bi. Idan ya yi ƙasa da haka zai riƙa ɗiga baya, idan ya yi tsayi da yawa kuma akwatin ya yi girma a banza, bangonsa ya riƙa zubar da zafi yana yi wa ruwa inuwa. Mai gangare ɗaya ya fuskanci inda rana ta fi karkata, kudu ga wanda ke arewacin duniya, arewa ga wanda ke kudanci kamar Las Salinas. Ƙurar waje a share ta kullum.

Sai toshewa. Iskar da ke cikin kwami cike take da tururi, duk ƙofar da ta samu za ta fita da shi, busasshiya ta shigo. Tsagar da ba ta kai kaurin farce ba a tsawon gefen gilashi tana iya rage ruwa sosai, musamman ranar iska. Iska abokiya ce ga kwamin da ya toshu, don tana sanyaya gilashi, abokiyar gaba ce ga mai yoyo. A yi amfani da silikon, a sake duba shi duk 'yan watanni, saboda gilashi da katako ba sa buɗewa da tsukewa daidai da juna a zafi da sanyi. Bututun shigar ruwa da na ambaliya a lanƙwasa su yadda ɗan ruwa zai tsaya a ciki ya tare iska.

Ƙarƙashi da gefuna suna bukatar abin tare zafi mai kaurin santimita 5, ko soso mai tauri ko garin katako ko buntun shinkafa. Sharaɗin shi ne ya zauna a bushe. Wanda ya jiƙa ba ya tare komai, kuma yana ruɓar da katako daga ciki.

Abin da aka shimfiɗa a ƙasan kwami ya kamata a yi tunaninsa sau biyu, domin zai zauna cikin ruwan gishiri mai zafi shekara da shekaru, kuma duk warin da ya saki zai bi tururi ya shiga ruwan sha. Kwalta da fentin mai ba su dace ba. Baƙar roba irin ta EPDM ko butil, ko baƙin silikon wanda aka amince da shi wajen abinci, su ne suka fi. Ƙarfen kwano da baƙin ƙarfe tsatsa za ta cinye su. Ko da kayan kirki aka yi, ruwan kwanakin farko a zubar da shi har warin sabunta ya tafi.

Magudanar da ke karɓar ruwan daɗi ƙarama ce amma a kanta ake yawan faɗuwa. Ta kasance sama da ruwan gishiri sosai, ta gangara zuwa mafita, ta zama ta ƙarfen da ba ya tsatsa ko roba mai jure zafi. Gishiri yana da halin hawa bango, yana bin danshi yana daskarewa har ya kai bakin magudana. Cokalin cin abinci ɗaya na ruwan teku, mililita 15, idan ya shiga lita ɗaya ta tataccen ruwa, ya kai ta miligiram 525. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ruwan da bai kai miligiram 600 ba a matsayin mai daɗin sha, daga 1,000 zuwa sama kuma ɗanɗanonsa yana ƙara muni. Wato cokali biyu sun isa su ɓata aikin lita guda.

Ruwan da ya fito

Ƙaramin ma'aunin gishirin ruwa na aljihu shi ne kayan aikin da ya fi kowanne amfani. Ruwan kwami mai lafiya yakan nuna ƙasa da miligiram 20 a lita. Ranar da ya tashi zuwa ɗaruruwa, akwai yoyo ko fantsama ko gishirin da ya hau, a nemo shi. A riƙa auna yawan ruwan kullum ana rubutawa. Idan ya ragu a ranar da sama take garau, a duba toshewa da farin ƙasa da danshin abin tare zafi, a jere haka.

Ƙwayoyin cuta da ƙarafa masu guba ba sa bin tururi. Abin da ke bi shi ne mai saurin tashi, irin fetur da gas da kananzir, don haka kada a ɗebi ruwa a tashar jiragen ruwa ko inda ake wanke inji. A bar ruwan da aka ɗebo ya kwanta, a tace shi da ƙyalle, don laka da gansakuka suna dusashe baƙin ƙasa.

Tataccen ruwa salam yake a baki, ba shi da sinadaran kalsiyam da magniziyam, kuma yana cin ƙarfe da siminti. Kada a ajiye shi a tankin kwano ko a bi da shi ta bututun tagulla ko darma. A ratsa shi ta bokitin tsakuwar farar ƙasa ko ta marmara da aka wanke, zai ɗauki ɗan kalsiyam, ɗanɗano ya gyaru, cin ƙarfen ya ragu. Sannan tsabtarsa ba ta kare shi daga ƙazantar da ke zuwa daga baya. Ma'aji ya zama rufaffe mai famfo, ba wanda ake tsoma moɗa ba, idan kuma zai daɗe a sa masa kilorin kaɗan, yadda abin da zai saura a ciki zai kai miligiram 0.2 zuwa 0.5 a lita.

Akwai riba ɗaya da Wilson bai samu ba a Atakama. Gilashin kwami rufi ne, kuma kowace milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita lita ɗaya ce. Inda ake samun milimita 500 a shekara, indararo a bakin gilashi daga waje zai tara kusan lita 500, a kan wajen lita 1,000 da kwamin ke tatsa a shekara, kuma a daidai watannin da hadari ke rage aikinsa.

Da yau ne za a sake ginawa

An sake gwada manyan kwamin rana a shekarun 1960, a tsibiran Girka da cikin Ostireliya. Na tsibirin Patmos, wanda aka gina a 1967, ya kai wajen murabba'in mita 8,600. Tsarin bai yaɗu a matakin gari ba, saboda kuɗin gini yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da fili: ninka ruwa, ninka gilashi, ninka gefunan da za a toshe. A daidai wannan zamani ne Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan suka samar da tantanin tacewa a jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis, wanda ya buɗe hanyar da masu aikin ke kira RO, inda ake tura ruwa da matsi ta cikin tantani, ruwa ya wuce gishiri ya tsaya.

Bambancin yana da girma. Farantin sola mai murabba'in mita ɗaya yana ba da kusan kilowat-awa 0.9 na lantarki a yini bayan an cire asara. Ƙaramin injin RO mai na'urar dawo da ƙarfin matsin ruwan da ake zubarwa yana cin kilowat-awa 4 zuwa 5 a kan lita 1,000. Wato wannan mita ɗaya ta rana da ke ba da lita 3 ko 4 a kwami tana ba da kusan lita 200 ta wannan hanya. Ko injin da ba shi da wannan na'ura, mai cin kilowat-awa 10, zai ba da wajen 90. Lita 22,700 daga ruwan teku za ta fito da farantan da ba su wuce murabba'in mita 100 da wani abu ba. A Kiunga da ke gaɓar Kenya kusa da iyakar Somaliya, ƙungiyar GivePower ta kafa irin wannan a 2018 da farantan kilowat 50 da batura, mai iya ba da wajen lita 70,000 a rana. Ga ƙauye ko asibiti ko makaranta a bakin teku, a ganinmu babu gardama, RO ne.

Sai dai yana da nasa sharuɗɗan, kuma ba ya yafe sakaci. Ruwan teku yana da matsin kansa na kusan bar 27 (bar ma'aunin matsi ne) da sai an rinjaya, don haka famfon yana aiki a bar 55 zuwa 70. Ruwan shiga gara ya fito daga rijiyar da aka haƙa a yashin gaɓa, yashi ya fara tace shi, sannan ya bi matatar da ƙofofinta suke maikiron 20 da ta maikiron 5 (maikiron 1,000 ne milimita ɗaya). Kilorin yana ƙone tantanin, mai yana toshe shi, kuma duk biyun ba su da gyara. Duk lokacin da aka kashe inji sai an wanke tantanin da tataccen ruwa marar kilorin, abin da ke faruwa kullum da yamma ga injin da ba shi da batir. Idan zai yi fiye da mako a ajiye, a jiƙa shi cikin ruwan sodiyam metabaisalfait na kusan kashi 1 cikin ɗari, in ba haka ba ƙwayoyi su yi yauƙi a kansa. Injin da aka kai wurin da babu mai gyara, babu hanyar samun matata da tantani, yakan tsaya tun farantansa suna sababbi.

Akwai kuma abin da zai ba mutane da yawa mamaki: ruwan Las Salinas kansa, RO na yau da kullum ba zai iya da shi ba. Matsin ruwa mai giram 140 ya haura bar 100, tantanin ruwan teku kuwa iyakarsa wajen bar 80 ce. Ga ruwa mai irin wannan gishiri, har yau hanyar tururi ce aka fi bi. Haka nan ga gida ɗaya ko masunta 'yan kaɗan a tsibirin da jirgi ba ya zuwa sai jefi-jefi, masu bukatar lita 10 zuwa 30 ta sha kawai, kwami yana da hujja mai ƙarfi: ba shi da abin da ke juyawa, kafinta zai iya haɗa shi, kuma abin da ke lalacewa a cikinsa ido yana gani. Wanda zai bi wannan hanya ya yanka gilashinsa duka a awo ɗaya, ƙanana da mutum ɗaya zai iya ɗagawa, ya ajiye falle biyu ko uku da kwalin silikon a gefe, domin akwatin da gilashinsa ya fashe ba ya ba da ko lita ɗaya har sai an maye gurbinsa.